Filin Tambayi Likita: Mai Juna Biyu da Shan Magani

Wasiƙun da suka iso wannan fili a makonnin nan sun fi karkata ga batu guda, wato maganin da mai juna biyu za ta iya sha da wanda ya wajaba ta nisanta, saboda haka na ware masa fitowar wannan wata gaba ɗaya. Akasarin saƙonnin daga cikin garin Jos da kewaye suka fito. Kamar yadda aka saba, na sakaya sunayen masu tambaya, na kuma taƙaita wasiƙun da suka yi tsawo ba tare da taɓa ma'anarsu ba. Bayanin da ke tafe na faɗakarwa ne, domin wanda ya duba mace ido da ido, ya auna jininta, ya kuma san makonnin cikinta, shi ke da hurumin rubuta mata magani ko canza mata shi.

Tambaya: Assalamu alaikum, Likita. Wata uku ke nan da aurena. Kwanaki na yi zazzaɓi da ciwon jiki, maigidana ya karɓo mini haɗi a kemis na sha har kwana uku. Bayan mako biyu aka gwada fitsarina a asibiti aka ce ina da ciki na mako shida. Tun ranar ban ƙara barci mai daɗi ba, ina tsoron kada in kasance na cutar da abin da ke cikina. Daga wata amarya a Unguwar Rogo.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa, Allah ya raba ku lafiya. Ki kwantar da hankalinki mu yi lissafi tare, domin a sha'anin ciki lokacin da aka sha magani yana da nauyi kamar sunan maganin. A asibiti ana fara ƙirga makonnin ciki ne daga ranar farko ta al'adar ƙarshe, alhali ainihin shigar cikin yakan zo ne kimanin mako biyu bayan haka. Idan an ce miki mako shida a ranar gwaji, kuma kin sha haɗin mako biyu kafin ranar, to a wajen mako na huɗu kika sha shi, lokacin da ɗan tayi bai wuce ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta ba, ba a kai ga fitar da zuciya ko ido ko hannu ba. Idan abu mai cutarwa ya same shi a wannan mataki, galibi ɗayan biyu ke faruwa: ko cikin ya zube tun mace ba ta san da shi ba, ko kuma ya murmure ya ci gaba da girma yadda ya kamata. Tun da naki yana nan, abin da ya fi rinjaye shi ne lafiya lau yake.

Lokacin da ya fi buƙatar taka-tsantsan shi ne wanda kike ciki yanzu, daga mako na biyar zuwa na goma, domin a cikinsa ake gina gaɓoɓin jiki ɗaya bayan ɗaya. Duniya ta san haka ne bayan an yi asara mai girma. A shekarar 1957 wani kamfani a Jamus ta Yamma ya fitar da maganin barci mai suna talidomaid, aka riƙa ba mata masu laulayi shi don ya tsayar musu da amai, har ana sayar da shi a can babu takardar likita. Kafin a janye shi a 1961 an haifi jarirai fiye da 10,000 a ƙasashe da dama, da yawansu da guntayen hannuwa da ƙafafu. Amurka ta tsira daga mafi yawan wannan bala'i ne saboda wata jami'ar hukumar kula da magunguna, Dokta Frances Kelsey, ta ƙi amincewa a ba shi lasisi sai an kawo mata gamsasshiyar shaida. Kada labarin ya ƙara miki fargaba, domin magungunan da aka tabbatar suna nakasa ɗan tayi ba su da yawa, an kuma san sunayensu. Ko mace ba ta sha komai ba, a cikin kowace haihuwa 100 akan samu kamar 2 ko 3 da ke zuwa da wata tawaya, saboda haka bai dace uwa ta ɗora wa kanta laifin duk abin da Allah ya ƙaddara ba.

Abin da ya dame ni a wasiƙarki shi ne haɗin kansa. Kowa ya san shi: ƙwayoyi huɗu ko biyar, fari da ja da rawaya da kafso guda, an ɓare su daga mazubinsu an ƙulle a 'yar farar leda, an ce a sha ƙulli ɗaya da safe, ɗaya da dare. Babu suna, babu ranar lalacewa, babu lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna ta Najeriya. Idan mace ta zo da kwalin magani a hannu, cikin ɗan lokaci za a gaya mata ko akwai abin damuwa, amma idan iyakar abin da za ta iya faɗa shi ne wani ja da wani fari, likita ba shi da abin kamawa. Saboda haka maigidanki ya koma kemis ɗin cikin lalama, ya roƙi mai shagon ya rubuta masa sunayen abin da ya haɗa, ki tafi da takardar ranar awo. Ki fara awon tun yanzu, kada ki jira ciki ya fito, domin shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ita ce a ga mai ciki sau takwas, na farko a cikin makonni 12 na farko. Idan kin kai wajen wata biyar, ki yi hoton ciki a duba gaɓoɓin yaron.

Akwai kuma ƙwayar da nake so ki fara sha yau, wato folik asid, ma'aunin maikirogiram 400 kullum. Bututun da ke zama laka da ƙwaƙwalwar yaro yakan rufe ne kimanin kwana 28 da shigar ciki, daidai lokacin da mace ke cewa bari ta ƙara jira ta ga ko al'ada za ta zo, kuma ƙarancin wannan sinadari na iya sa a haifi yaro da buɗaɗɗen baya. Shi ya sa ya fi amfani a fara shansa tun kafin ciki ya shiga. A ganina ya cancanci iyaye mata su sa shi cikin abubuwan da suke tanadar wa amarya.

Tambaya: Likita, barka da aiki. Ni malamar makaranta ce, cikina wata bakwai, kuma ciwon baya yana damuna saboda tsayuwa a aji. An turo mana bidiyo a WhatsApp cewa farasitamol yana jawo wa yaro galahanga (autism), shi ya sa na daina shansa na koma Brufen, wani lokaci Felvin. Shin na yi daidai? Daga Rikkos.

Amsa: Malama, ki dakatar da su biyun nan tun daga yau, domin kin guje wa gara kin faɗa gidan zago. Brufen da Felvin da Cataflam dangi ɗaya ne, kuma illarsu ga ɗan tayi a watannin ƙarshe tabbatacciya ce. Daga mako na 20 suna iya rage aikin ƙodar yaro, kuma tun da mafi yawan ruwan da yake kwance a ciki daga fitsarinsa yake samuwa, sai ruwan ya ragu. A kan haka ne hukumar abinci da magunguna ta Amurka ta fitar da gargaɗi a 2020. Daga wajen mako na 30 kuma akwai hatsari na biyu. Kusa da zuciyar ɗan tayi akwai wata 'yar jijiya da ke karkatar da jini daga huhu, tun da ba da huhunsa yake numfashi ba a cikin ciki, kuma bai kamata ta rufe ba sai bayan haihuwa. Waɗannan magunguna suna iya rufe ta da wuri, su ɗora wa zuciyar yaron nauyin da ba ta shirya ɗauka ba. Ki gaya wa masu awo tsawon lokacin da kika yi kina shan su, su yi miki hoto a auna yawan ruwan. Sau da yawa idan an daina maganin ruwan yakan dawo.

Maganar bidiyon kuwa, asalinta sanarwar da gwamnatin Amurka ta yi ce a watan Satumbar 2025, wadda ta danganta farasitamol da galahanga. A cikin makon ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu gamsasshiyar shaidar kimiyya a kan haka. Bincike mafi girma da aka yi shi ne na ƙasar Siwidin, wanda aka wallafa a 2024 bayan bin diddigin yara kusan miliyan biyu da rabi. Da aka kwatanta 'yan uwa ciki ɗaya, wanda uwarsu ta sha maganin da cikinsa da wanda ba ta sha ba, ba a ga bambanci ba. Har yau farasitamol ne zaɓi na farko ga mai ciki, kuma barin zazzaɓi mai zafi babu magani shi ma yana cutar da ɗan tayi. Ƙa'idarsa ga babba ita ce ƙwaya biyu masu miligiram 500 a lokaci guda, a bar tazarar awa shida, kada a wuce ƙwaya takwas a yini da dare, kuma a sha shi ne kawai idan akwai buƙata. Ki lura cewa yawancin magungunan mura suna ɗauke da farasitamol a ciki, kada ki haɗa biyu ki wuce ƙima. Idan ciwon bayan ya zo da zazzaɓi ko zafin fitsari, ko kuwa yana zuwa yana lafawa tare da ɗaurewar ciki, wannan ya wuce gajiyar tsayuwa, ki tafi asibiti a ranar.

Tambaya: Ranka ya daɗe, matata tana da hawan jini tun bayan haihuwarta ta uku, kuma tana shan magani kullum. Da ta samu wannan cikin sai maƙwabciyarmu ta ce mata maganin asibiti yana lalata yaro, ta ajiye shi gaba ɗaya. Yanzu cikin ya shiga wata shida, fuskarta da hannuwanta sun kumbura, kuma tana yawan ciwon kai. Wane magani zan saya mata? Daga wani magidanci a Bukuru.

Amsa: Ranar da wannan saƙo ya iso na mayar wa wannan bawan Allah da amsa kai tsaye cewa kada ya sayi komai, ya kai ta asibiti a daren. Na kawo tambayar nan ne domin masu irin halinsa suna da yawa. Malam, kumburin fuska da hannu tare da ciwon kai bayan mako na 20, musamman idan an ƙara da dishi-dishin gani ko ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama, alamu ne na hawan jinin da ke gabatar jijjiga, kuma jijjiga tana cikin manyan abubuwan da ke kashe mata masu ciki a ƙasar nan. Awon jini da ya kai 140 bisa 90 ya hau, wanda ya kai 160 bisa 110 kuwa na gaggawa ne. A asibiti za a auna jinin, a duba fitsari, a ba ta maganin da zai sauke shi, idan ta kama a yi mata allurar hana jijjiga.

Maƙwabciyarku ta faɗi wani ɓangare na gaskiya ta bar babban ɓangaren. Lallai akwai magungunan hawan jini da ba a ba mai ciki, kuma gane su yana da sauƙi: duk wanda sunansa a jikin kwali ya ƙare da haruffan pril ko sartan yana iya lalata ƙodar ɗan tayi. Amma abin da ake yi shi ne a canza mata zuwa wanda aka daɗe ana amfani da shi ga masu ciki, irin su Aldomet ko nifedifin ko labetalol. Mace mai hawan jini tun kafin ciki ma akan ƙara mata asfirin ɗan ƙaramin ma'auni daga wajen mako na 12 don rage hatsarin jijjiga, amma likita ne zai rubuta shi. Ajiye magani gaba ɗaya ya bar jinin yana hawa wata da watanni, yana rage abin da ke isa ga yaro ta mabiyiya, yana kuma jefa uwar cikin hatsarin shanyewar ɓarin jiki.

Wannan magana ta shafi duk mai lalurar da ake shan maganinta kullum, kuma a nan ne na fi ganin tsoro yana yin ɓarna. Mai farfaɗiya da ta ajiye maganinta rana ɗaya tana iya faɗuwa kusa da murhu ko bakin rijiya, kuma faɗuwar tana yanke wa yaro iska. Gaskiya ne maganin farfaɗiya da aka fi sani da Epilim yana da hatsari babba, domin kusan jariri 1 cikin 10 da aka yi cikinsu ana shansa sukan zo da tawaya, wasu da dama kuma su samu jinkirin koyo. Amma sauya shi aiki ne na likita, a hankali ake yinsa, kuma ya fi kyau a yi shi tun kafin ciki. Mai asma ta ci gaba da abin shaƙarta. Mai ciwon suga kada ta ji tsoron allurar insulin, domin sugan da ba a daidaita ba shi ke nakasa yaro ya kuma sa shi ya yi girman da zai wahalar da haihuwa. Mai sikila ta nemi likitanta tun tana shirin ɗaukar ciki, saboda akwai maganinta da ake dakatarwa. Mai ɗauke da cuta mai karya garkuwar jiki kuwa, idan ba ta shan magani, yiwuwar yaro ya kamu tana tsakanin kashi 15 zuwa 45 cikin 100, idan tana sha yadda aka tsara kuma takan sauko ƙasa da kashi 5. Ina roƙon magidanta su riƙa raka matansu asibiti da kwalayen magungunan a hannu da zarar an ga ɓatan wata.

Tambaya: Likita, duk ranar awo sai a ba ni ƙwaya uku a ce in shanye a gabansu, wai na maleriya ne, alhali lafiyata ƙalau, kuma garinmu garin sanyi ne. Sannan 'yan uwana sun ce maganin ƙarin jini yana sa yaro ya yi ƙato har a kai ga tiyata. Daga wata uwa a Gangare.

Amsa: 'Yar'uwa, sanyin Jos bai hana sauro rayuwa ba, balle da damina, kuma Najeriya ita kaɗai ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya. Ƙwayoyin nan uku su ne aka fi sani da Fansidar, kuma na rigakafi ne. Ƙwayar cutar maleriya tana iya taruwa a mabiyiya ta ɓuya, uwa ba ta jin zazzaɓi, wani lokaci gwajin jini ma bai nuna ta ba, amma tana shanye jinin uwa tana tauye girman yaro, har a haife shi ɗan mitsitsi ko bakwaini. Masu cikin fari sun fi kowa shiga wannan hatsari. Ana fara ba da shi ne daga mako na 13, a bar aƙalla wata ɗaya tsakanin sha da sha, kuma ana so a samu sau uku ko fiye kafin haihuwa. Ba a ba wadda ke shan Septrin kullum, haka ma wadda jikinta ke ƙin wannan dangin magani. Akwai abu guda da ya kamata ki tambaya: folik asid mai miligiram 5, wanda shi ya fi yawa a kemis, yana rage ƙarfin Fansidar idan ana shansa kullum, saboda haka ki nuna wa ma'aikaciyar awo irin wanda ke hannunki. Idan kuma zazzaɓi ya kama ki, a gwada jini tukuna. Tun 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a ba mai ciki Coartem ko da a watanni uku na farko. Gidan sauro kuwa ki kwana a cikinsa kowane dare.

Maganin ƙarin jini ba ya sa yaro ya yi ƙato. Aikinsa shi ne ya tanadar miki jinin da za ki jure asarar da kowace haihuwa ke zuwa da ita, domin zubar jinin da mai isasshen jini za ta tsallake, shi ke tafiya da wadda ta shiga naƙuda da ƙarancinsa. Yakan sa bayan gida ya yi baƙi ko ya yi tauri, wannan ba illa ba ce. Ki sha shi da ruwan lemon zaƙi ko bayan abinci idan yana tayar miki da zuciya, amma kada ki kora da shayi, domin shayi yana hana jiki tsotse shi.

Tambaya: Ɗana Likita, jikata ce ta rubuta mini wannan. Na haifi tara a ɗaki, kuma duk sai da na sha maganin zaƙi da kunun kanwa. Yanzu matar ɗana ta shiga wata takwas, na haɗo mata saiwoyi da sassaƙe ta ce an hana su a asibiti. Shin abin da ya raya mu ne zai kashe su? Daga wata dattijuwa a Nasarawa Gwom.

Amsa: Hajiya, Allah ya ƙara girma, ya kuma saka miki da alheri bisa kulawar da kike yi wa surukarki, domin ba kowace uwar miji ke tashi ta nemo wa matar ɗanta magani ba. Ba raina abin da iyayenmu suka sani ake yi ba. Magungunan asibiti da dama daga itatuwa aka samo su, har da wanda ake maganin maleriya da shi a yau. Matsalar jiƙo ita ce ba a san ma'auninsa ba. Saiwar da aka tono da rani ba ƙarfinsu ɗaya da ta damina ba, wanda ya kwana uku a tulu ya fi na jiya kauri, kuma mai sayarwa a kasuwa ba lallai ya ba ki irin itacen da mahaifiyarki ta nuna miki ba. Wasu daga cikin waɗannan itatuwa suna sa mahaifa ta riƙa matsewa da ƙarfi babu hutu, kuma a cikin hutun nan da ke tsakanin ciwo da ciwo ne jini ke komawa ga yaro. Idan babu shi yaro yakan galabaita, mahaifar ma tana iya fashewa, musamman ga wadda ta yi haihuwa da yawa ko aka taɓa yi wa tiyata. Hatsari iri ɗaya ne da allurar naƙuda ko ƙwayar naƙuda da wasu ke yi wa mata a gida. Na kwalba mai lambar NAFDAC ma, lambar ba shaida ce ta cewa an gwada shi a kan masu ciki ba.

Abin da ke tsayar da haihuwa galibi shi ne ƙugun uwa ya yi wa kan yaro kaɗan, ko yaron ya kwanta a gicciye, kuma babu ɗacin da ke gyara wannan. Doguwar naƙuda irin wannan ce ke kai mata cibiyar masu yoyon fitsari da ke asibitin Jankwano a nan Jos. Ruwa mai yauƙi da kan fito gab da haihuwa kuwa alama ce ta buɗewar hanya, ba cuta ba ce da sai an wanke ta da magani.

Kanwa tana da gishiri mai yawa, shi kuwa gishiri yana tara ruwa a jiki ya hau da jini. Tun a shekarun 1970 likitoci a asibitin koyarwa na Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga mata masu jego, suka kuma danganta shi da yawan shan kunun kanwa haɗe da tsananin zafin wankan jego da gashi. Ki dama mata kunun gyaɗa ko na tsamiya, ki haɗa mata da zogale da wake da ƙwai da kifi. Addu'a kuwa babu asibitin da ya hana ta, kuma taki tana da daraja. Babban taimakon da za ki yi mata shi ne ki tsaya da bakinki na uwa ki ce idan naƙuda ta tashi asibiti za a nufa, domin a gidajenmu idan uwar miji ta faɗi haka babu mai ja.

Tambaya: Likita, ina fama da ciwon sanyi da ƙaiƙayi, cikina wata huɗu, an ce in sha kafso ɗin nan ja da rawaya. Sannan zan iya ci gaba da man hasken fata da nake shafawa? Daga Tudun Wada.

Amsa: Kafson da kike nufi tetrasaikilin ne, kuma shi da danginsa ba a ba mai ciki, domin suna shiga ƙashi da haƙoran yaro su dafe su har girmansa. Ƙaiƙayi da farin ruwa mai kauri ya zama ruwan dare ga masu ciki, kuma sau da yawa ba irin cutar da kafso ke kashewa ba ce, yana ma iya ƙara ta. Ki je a ɗauki ruwan da fitsari a gwada. Akwai na matsi da na sha da suka dace da mai ciki, kuma idan cutar ta fitsari ce lallai a yi maganinta har ƙarshe, domin barinta yana iya kai ta ƙoda ya tayar da naƙuda kafin lokaci. Man bilicin kuwa ki ajiye shi, musamman na haɗi da ake ɗurawa a roba babu rubutu. Da yawansu suna ɗauke da sinadarin makuri, wanda ke ratsa fata ya bi jini ya isa ƙwaƙwalwar ɗan tayi, yana kuma fita a ruwan nono. Duhun fuska da na wuya da ciki ke kawowa yakan ragu da kansa bayan haihuwa, kuma man kaɗanya ya ishe ki ko da a lokacin hunturu.